Daga Legas zuwa Kano da iyali a lokacin Sallah: jirgin sama, jirgin ƙasa ko mota?

Malam, ka ce kana Legas, kana son zuwa Kano Ƙaramar Sallah da maiɗakinka da yara uku, ƙaramin cikinsu yana goye, kuma labarin soke tashin jirage ya sa ka fara tunanin jirgin ƙasa ko ka tuƙa motarka. Kafin a zo kan abin hawa, ka fara tsayar da rana, domin ita ce ke sa tafiya daɗi ko wahala. Ƙaramar Sallah ba ta da tabbatacciyar rana sai daren 29 ga Ramadan, in Sarkin Musulmi ya sanar an ga wata ko ba a gani ba. Saboda haka kowa yakan yi rububin kwana biyun ƙarshe, a sama da ƙasa. Wanda ya tashi 25 ko 26 ga wata ya tsallake rabin matsalar tun bai bar gida ba.

Jirgin sama daga Legas zuwa Kano kamar awa ɗaya da rabi ne. Abin da ke mayar da shi tafiyar yini guda shi ne yadda ake juya jiragen. Kamfani ba ya ajiye jirgi na musamman yana jiran fasinjan Kano. Jirgi guda ne zai yi Legas zuwa Abuja da sassafe, ya dawo, ya je wani gari, ya dawo, sannan ya ɗauke ku da yamma. In ya makara da minti 40 a zangon farko, ya ƙara awa guda a na biyu, kan a zo kanku lattin ya taru ya zama awa uku ko huɗu. In kuma ya samu matsala, a irin wannan lokaci babu jirgin da ke zaune da za a maye gurbinsa da shi. Don haka ka sayi tikitin tashin farko, na ƙarfe shida ko bakwai na safe. Wannan jirgin a filin ya kwana, ba ya jiran isowa daga ko'ina. Ko ya ɗara na yamma tsada, da yara uku ya fi maka arha.

Sai yanayi. Sallah tana matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, yanzu ƙaramar tana faɗowa a ƙarshen hunturu, kuma shekaru masu zuwa za ta ƙara nutsawa cikinsa. Hazo in ya yi kauri a Kano, matuƙi ba ya hango titin sauka daga nisan da doka ta gindaya, sai a riƙe jirgin a Legas ko a karkata shi Abuja. Wannan ba laifin kowa ba ne, kuma faɗa da yarinyar da ke teburin kamfani ba zai yaye hazo ba. Amma ka san haƙƙinka a dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kan tafiyar cikin gida: latti ya kai awa biyu, a ba ku abin taɓawa; ya kai awa uku, kana da ikon cewa ka fasa a mayar maka da kuɗinka; in ya kai ku tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, masauki da motar kai ku suna kansu. Ka adana saƙon da suka turo na ɗage lokaci, ka ɗauki hoton takardar shiga jirgi, ka kai ƙorafi teburin hukumar da ke cikin filin tun kana wurin. Kuma ka sayi tikiti kai tsaye daga kamfanin. In ta hannun ejan ka saya, kuɗin da aka mayar wurinsa za su bi, sai ka koma bin bashi.

Ƙananan abubuwa da ke sa mutum ya rasa jirgi a Legas: ɓangaren tafiyar cikin gida gini biyu ne, MMA2 da GAT, ka duba wanda kamfaninka ke amfani da shi tun ana gobe tafiya. Ku isa awa biyu kafin tashi, don in sun sayar da kujeru fiye da kima, na ƙarshen layi ake bari. Sunan da ke tikiti ya dace da na katin shaida. Jaririn da bai kai shekara biyu ba a cinya yake tafiya da ɗan kuɗi kaɗan, amma dole a sa sunansa tun wajen saye. Ka auna jakunkuna a gida, domin shaddodi da atamfofin Sallah suna da nauyi, kuma kowane kilo da ya haura biya za ka yi. Fawa bank a jakar hannu yake zama. Kayan da yara za su sa ranar idi su ma a jakar hannu, saboda in jirgi ya cika akan bar wasu akwatuna su biyo na gobe, gobe kuwa tana iya zama bayan an sauko.

Jirgin ƙasa yana da daɗi da yara, akwai sanyi, akwai bayi, ana miƙe ƙafa. Sai dai ba zai kai ka Kano daga Legas ba. Sabon layin dogo guntu-guntu ne. Na Legas, wanda aka buɗe a 2021, daga Ebute Metta yake tashi ya tsaya a Moniya ta Ibadan, kilomita 157. Na Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, daga Idu ne ta Kubwa zuwa Rigasa a Kaduna, kilomita 186. Tsakanin Ibadan da Abuja babu komai, kuma Kaduna zuwa Kano aiki aka fara a 2021, kada ka sa shi a lissafi sai ka ga an fara sayar da tikiti. Tsohon layin Turawa da ke bi ta Ilori da Jebba da Minna kuwa ba abin ɗora ranar Sallah a kai ba ne.

Inda jirgin ƙasa yake da amfani shi ne in kujerun jirgin sama na Kano sun ƙare. Jiragen Legas zuwa Abuja sun fi yawa nesa ba kusa ba, sai ku sauka Abuja da safe, ku hau jirgin ƙasa a Idu, wanda bai da nisa sosai da filin jirgi, ku sauka Rigasa, mota ta ƙarasa da ku ta Zariya. Amma ka lura, sawun da yake yi a rana kaɗan ne, tikiti ta intanet ake saya, kuma tun da ya dawo aiki a Disamban 2022, bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris na shekarar, ana neman lambar NIN. Kujeru kan ƙare jim kaɗan da buɗe sayarwa a makon Sallah. Kada ka karɓi tikiti daga hannun masu rakuɓewa a bakin tasha, sunan wani ne a jiki, ana iya tsayar da kai a ƙofa. Haɗarin wannan tsari a fili yake: jirgin sama ya makara, jirgin ƙasa ya tafi. Ka bar tazarar awa huɗu aƙalla, ko ku kwana Abuja.

Mota ita ce ta fi jan hankalin mai iyali, don kujera huɗu a jirgi, zuwa da dawowa, ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga shi kuma za ka samu abin zirga-zirgar gaishe-gaishe a Kano. Yi lissafin da kanka. Tafiyar ta haura kilomita 1,000. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci sama da lita 100 a zuwa kaɗai, ka ƙara kaso ɗaya cikin biyar saboda gosulo da na'urar sanyi, ka ƙara kuɗin masauki. Masaukin ba zaɓi ba ne. Direba ɗaya, mai azumi, ba ya yin wannan tafiya a yini guda. Ka raba ta biyu: ku fita bayan Asuba ta Ibadan, Akure, Owo, Okene, ku kwana Lakwaja ko Abuja, washegari Zuba, Kaduna, Zariya, Kwanar Dangora, Kano. Wajen gadar Koton Ƙarfe tirela ɗaya in ta lalace takan tsayar da hanya na awoyi, shi ya sa ake son wuce ta da hantsi ba da yamma ba. Hanyar Tegina zuwa Birnin Gwari ta fi gajarta a taswira, manhajar waya tana iya nuna maka ita, kada ka bi. Magariba ta same ku a cikin gari kullum.

Motar ta je gareji mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don gyaran da aka yi ya nuna kansa a cikin gari. A duba birki, fambel, ruwan lagireto, a canza baƙin mai. Taya ita ce babba: a gefenta akwai lamba huɗu, misali 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take ba taya, kuma tsohuwa, ko da zanenta bai cinye ba, takan fashe in ta haɗu da lodi da zafin kwalta. Safaya ma a auna iskarta, a tabbatar jak da sifana suna ciki. Tanki ya sauko rabi, ka cika. Lambar hukumar ta gaggawa 122 ce.

In ni zan zaɓa maka, da jariri a goye da direba ɗaya: jirgin farko na safe kai tsaye zuwa Kano, kwana huɗu kafin Sallah, a sayi tikiti tun farkon azumi. In kuɗin bai kai ba, uwargida da ƙananan biyu su hau jirgi, kai da babban ku taho da kaya a mota tare da wani da ya iya tuƙi. Tikitin dawowa kuma ka saye shi tare da na zuwa, ka sa shi kwana biyar ko shida bayan idi, domin ranar da hutun gwamnati ya ƙare da washegarinta duk ma'aikatan Legas da Abuja a filin Malam Aminu Kano suke.