Azumin Kirista na kwana 40 ga mai noman rani

Ɗan'uwa, ka ce ban-ruwan tumatir a Kadawa cikin wannan zafin ya hana ka yini da ƙishirwa, ko azuminka ya lalace? Sha ruwanka. Ko a Katolika, ranakun rage abinci biyu ne: Larabar Toka (ranar fara azumin) da Juma'ar gicciye Yesu. Sauran Juma'o'in nama ake bari, ba ruwa ba.

Ni dai Ishaya sura 58 a Littafi Mai Tsarki na fi dubawa, inda aka ce ka raba abincinka da mayunwaci. Ɗebi kwanon dawa a rumbu ka kai wa gwauruwar unguwarku. Maƙwabcin nan da kuka yi cacar baki kan iyakar gona, je ka gaishe shi kafin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu. Wannan ya fi ƙishirwa wuya. Addu'a kuwa, yi ta da asuba kafin ka tayar da inji.