Amsa: Shin faifan harbi na ƙaron itace yana ruɓewa da gaske?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko faifan harbi (wanda inji ke cillawa sama don a harbe shi da bindiga) da ake haɗawa da ƙaron itace yana ruɓewa, kuma ko yana fashewa kamar na da.

Na da ɗin, ko da yake ana kiransa faifan yumɓu, ba yumɓu ba ne. Garin farar ƙasa ne aka ɗaure da kwalta, ita kuwa kwaltar tana ɗauke da sinadaran PAH masu iya haddasa ciwon daji. Ɓaraguzan nan baƙaƙe sai su shekara da shekaru a cikin ciyawa, alade in ya ci, hantarsa ta lalace. Wannan kaɗai ya isa a canza.

Sabon, ƙaron itacen pine ne ya maye gurbin kwalta. Girma ɗaya ne, milimita 110, nauyi wajen giram 105, don haka injinka zai cilla shi lafiya, harsashi kuma ya tarwatsa shi. Amma kada ka zaci damina ɗaya za ta cinye shi, a hankali yake narkewa. Ka adana shi inda babu laima ko zafi.

Ka duba kwali da kyau: wasu da farar wuta ake ɗaure su, tana sa ƙasa ta yi tsami. Kuma in harsashinka na dalma ne, da sauran aiki, domin ita ma dalma tana gurɓata ƙasa, gara ka koma na ƙarfe.