Kada ka sa hannu kan lodin da ba ka auna ba

Yaro, wai tambayarka ita ce, in rundunar yanki ta turo kaya da nauyinsu a rubuce, dole ne sai ka sake ɗora su kan sikeli kafin ka loda wa jirgin sama? Ka fama mini tsohon ciwo.

Ɗaure kaya da raga da daidaita nauyi a cikin jirgi ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda bai iya wannan ba ya tafi kasuwa ya yi dako.

Jirgin ba na rundunar yanki ba ne, na sojin sama ne, roƙonsa ake yi. Ranar da ya sauka kowane kwamanda so yake ya cusa nasa, don bai san ranar dawowarsa ba. Littafi ya ce jirgin namu, C-130 da ake kira Hercules, na ɗaukar sojoji 92. Littafin bai sha zafin Sakkwato ba. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, iska ta yi sako-sako, injuna huɗun nan su rage ƙarfi, jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Shi ya sa muke tashi da sassafe ko mu rage kaya.

Wata shekara, cikin irin wannan zafi, wani ɗan kwangila ya kawo akwatunan abinci da kayan gyaran motoci na sojojin da ke bakin daga. Ya iso a makare, yana ta rantsuwa da Allah, yana "Oga, an auna a sito." Rana ta take, matuƙi na duba agogo, ni kuma kunya ta hana ni in ƙaryata dattijo mai furfura. Na sa hannu. Ashe ya cusa nasa kayan sayarwa a ƙarƙashi, kusan tan biyu da ba su cikin takarda. Jirgi ya ɗauki gudu, hanci ya ƙi ɗagawa, matuƙi ya taka birki, tayoyi biyu suka fashe. Ina zaune a baya, ba abin da ya faɗo mini sai Ejigbo, 26 ga Satumba 1992, inda Hercules ta faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Legas, mutane sama da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙan su.

Da aka zauna bincike, sa hannun wa aka gani? Nawa. Aka riƙe mini ƙarin girma shekara uku, yaran da na koya wa aiki suka wuce ni ina sara musu. Shi kuwa ɗan kwangilar har yau ina hango shi cikin mota mai sanyi, ko sannu bai taɓa ce mini ba.

Ku yaran yanzu waya ta cinye ku, abin da kwamfuta ta nuna shi ke nan. Gobe bayan sallar asuba ka same ni a wurin sikeli, kuma ka bar wayar nan a ɗaki.