Filin Amsoshin Masu Karatu: Mawaƙan Gita Marasa Ubangida

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya, wato mawaƙan nan masu kaɗa gita da ake ce wa indi, shi yasa na haɗa su wuri ɗaya. Waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, in ina neman waƙa a Spotify ina yawan cin karo da kalmomin indi da fok da rok, to wai duk kiɗa ɗaya ne ko kowanne da nasa? Dan Allah a warware min.

AMSA: Barka dai ƙanena. Biyu daga ciki sunan kiɗa ne, ɗayan kuma ba kiɗa bane sam. Fok ita ce waƙar mutan gari, mutum ɗaya ko biyu da gitar katako wadda ba a jona mata wuta, wani lokacin a ƙara da banjo (shi banjon ma dangin su gurmi da molo ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka kai asalinsa can), kuma ƙarfinta a magana yake ba a ƙara ba. Woody Guthrie a shekarun 1930 zuwa 1940 manoman da fari da guguwar ƙura suka kora daga Oklahoma zuwa Kalifoniya ya riƙa yi wa waƙa. In kana so ka gane da sauri ka tuna marigayi Ɗan Maraya Jos, shi kaɗai da kuntiginsa ba 'yan amshi, yana ba da labarin karen mota da talakan gari, toh kusan haka zuciyar fok take. Rok kuwa ta wuta ce, gitar lantarki da bes (gita mai kaurin sauti) da jerin ganguna da lasifika mai ƙarfi, ta fito ne daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka a shekarun 1950. Da can masoya fok suna ganin rok kamar cin amana ne, shi yasa da Bob Dylan ya hau dandali da gitar lantarki a bikin Newport a 1965 wasu daga cikin 'yan kallo suka yi ta masa ihu. Yau kam an cakuɗa su babu mai tada jijiyar wuya.

Shi indi magana ce ta waye mai abu. Manyan kamfanonin waƙa na duniya uku ne, Universal da Sony da Warner, su ne iyayen gida, su biya kuɗin situdiyo su yi talla su kai waƙarka rediyo, amma galibi masta tasu ce, wato asalin ɗaukar da ake bugawa daga ita. Duk wanda ya tsaya a wajen waɗannan ukun, ko da ƙaramin kamfani ko da aljihunsa, shi ne indi. Misalin da na fi so shi ne Ani DiFranco, 'yar garin Buffalo a jihar New York, an haife ta a 1970, bata kai shekara 20 ba ta kafa kamfaninta wanda aka sani da Righteous Babe, a 1990 ta fitar da kaset ɗinta na farko tana sayarwa daga but ɗin mota duk garin da taje wasa. Manyan kamfanoni sun yi ta zawarcinta taƙi. Kuma in kaji yadda take kaɗa gitar katako zaka rantse ganga ake bugawa, tana fizgar tsirkiya da ƙarfi har farcen roba take ɗaurawa da salatif, ga baki kan siyasa da halin da mata ke ciki. Fok ce a hannu, amma zafin na rok ne.

TAMBAYA: Ina gaisuwa. Tambayata ita ce wai waɗannan da suka ƙi manyan kamfani suna samun abin rufin asiri kuwa? Don ni ina ganin kamar taurin kai ne kawai. Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: 'Yar'uwa tambayarki tana kan hanya, kuma bazan ɓoye miki ba, da yawansu suna da wata sana'ar a gefe, wani malamin makaranta wani yana aiki a shagon shayi, waƙar sai dare ko ƙarshen mako. Waɗanda suka rayu da ita kuma a kan titi suka rayu, a cusa kaya da mutane a ƙaramar bas yau wannan gari gobe wancan a kwana a falon wani masoyi a tashi da asuba a kama hanya. Amma taurin kai kaɗai baya kai mutum shekara 15 yana abu ɗaya. Ki duba ƙungiyar Fugazi ta birnin Washington, sun fara wasa a 1987 sun dakata a farkon 2003, sun yi wasa sama da 1,000, kuma duk faifansu a kamfanin Dischord ya fito wanda mawaƙinsu Ian MacKaye ya kafa da abokinsa Jeff Nelson tun 1980. Kuɗin shiga wasansu dala 5 suka yi ta ƙoƙarin tsayar da shi, basa sayar da riguna masu sunansu, basa yarda da wurin da za a hana yara matasa shiga, in suka ga ana ture-ture a gaban dandali sai su tsaida kiɗa, wanda ya ƙi ji a maida masa kuɗinsa ya kama gabansa. Abin da ya sa lissafin ya fita shi ne babu dillalai da yawa a tsakani, su ke shirya tafiyarsu su ke ɗaukar kayansu, kaɗan ɗin da ya shigo nasu ne. Wallahi ina ganin girman mutanen nan sosai.

Akwai kuma wanda Allah ya ɗaga lokaci guda. Justin Vernon, wanda aka sani da Bon Iver, ƙungiyarsa ta watse ga rashin lafiya ga rabuwa da budurwa, sai ya koma bukkar farautar mahaifinsa a dajin Wisconsin cikin sanyin ƙarshen 2006, ya yi kamar wata uku shi kaɗai da tsohuwar gita da 'yan kayan ɗauka, yana jera siririyar muryarsa ɗaya kan ɗaya har ta zama kamar taron 'yan amshi. Da kansa ya fitar da faifan a 2007, ƙaramin kamfanin Jagjaguwar ya sake fitarwa a 2008, zuwa 2012 ya karɓi Grammy, babbar lambar yabo ta waƙa a Amurka. Sai dai duk lokacin da aka ba da wannan labarin Nick Drake nake tunawa, ɗan Ingila mai sanyin murya da gwanintar yatsa, faifai uku ya yi kusan babu mai saye, baya son hawa dandali, ya rasu a 1974 yana da shekara 26 bai san ana sonsa ba, sai bayan shekara 25 da kamfanin Volkswagen ya sa waƙarsa a talla sannan jama'a suka yi caa a kansa. Abin da ban tausayi.

Ta fannin intanet kuma kada ki ga an ce miliyan ta saurara ki ɗauka mutum ya yi arziki. Abin da ake samu a kan saurare ɗaya a Spotify bai kai senti ɗaya ba, kuma tun 2024 waƙar da bata kai saurare 1,000 a shekara ba ko sisi bata samu. Shi yasa 'yan indi suka fi riƙe Bandcamp, can masoyi kai tsaye yake saye, shafin ya cire kashi 15 cikin ɗari na waƙa da kashi 10 na kaya irin su faifai da riga, sauran na mai waƙa bayan ɗan cajin tura kuɗi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mutumin Tawa ne mazaunin Yamai. Ina jin ana ta cewa Mdou Moctar ya yi suna a Amurka, alhali mu nan a wajen biki muka san irin wannan kiɗan na Buzaye. Shin shi ma rok ake kiran nasa, kuma ya aka yi ya kai can?

AMSA: Amin ɗan'uwa, tare da naka, kuma wannan ai ɗan jiharku ne, daga yankin Abalak da Cintabaraden ya taso kafin ya zauna a Agadas. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Gidansu gidan addini ne ba a so ya yi kiɗa ba, gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa da katako da wayar birkin keke bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, kuma bahago ne, wanda duk mai kaɗa gita ya san wahala ce ta daban don yawancin gita ta masu dama ake ƙerawa.

Abin da mutane da yawa basu sani ba, faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin kayan situdiyon waƙoƙinmu na finafinan Hausa, ganga ta kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya, sai ya zama waƙar Tamashek, harshen Buzaye, sanye da rigar waƙar Hausa. Babu kamfani babu talla, daga waya zuwa waya ta yi ta tafiya ta bulutut da memori har Mali. A can ne wani Ba'amurke Christopher Kirkley mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland ya ji ta, ya sa ɗaya a cikin tarin waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara, ya yi ta cigiya har ya gano mai ita, da ya zo wurinsa kuma ya riƙo masa gitar lantarki ta bahago. Kaga indi tsantsa kenan, tun kafin a gaya masa kalmar.

Kan ko rok ne, ni dai nace eh, amma saiwarsa ba daga Amurka take ba. Kiɗan gitar Buzaye da suke kira assouf, wato kewa, ya taso ne a hannun su ƙungiyar Tinariwen da matasan da fari da rikici suka kora Aljeriya da Libiya tun ƙarshen shekarun 1970, ana yaɗa shi a kaset a ɓoye. Mdou ya ɗauki wannan ya haɗa da gudun kiɗan gargajiya na takamba, ya ƙara wuta, ya ƙara sauri irin na filin biki inda in baka tada mutane tsaye ba ba za a sake kiranka ba. Baya amfani da ɗan robar da ake kaɗa gita da shi, da yatsu yake yi, ganga tana ta ƙara gudu a bayansa har sai kaji kamar motar zata kife amma bata kifewa. Turawa suna kwatanta shi da Jimi Hendrix, gwanin gitar rok na Amurka, ni kuma kwatancen baya min daɗi sosai, don yana sa a manta cewa mutumin a bukukuwan Agadas ya gasu. A 2019 ya fitar da faifan da ya ɗauka a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, shi da Ahmoudou Madassane a gita ta biyu da Aboubacar Mazawadje a ganga da Ba'amurke Mikey Coltun a bes, a 2021 kuma Matador, ɗaya daga cikin sanannun kamfanonin indi na New York, ya fitar da Afrique Victime. Kuma bai tausasa harshe don ya shiga can ba, yana faɗar abin da Faransa ta yi da yuraniyom ɗin Arlit alhali ƙauyuka na cikin duhu.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya same su suna yawon wasa a Amurka, aka rufe iyaka suka kasa komawa gida, sai masoya ne suka haɗa musu gudunmawa. A wannan zaman jiran suka sake ɗaukar waƙoƙin faifansu Funeral for Justice da gitar katako, ya fito a 2025. Ɗalibin Zariya in yana karantawa, ya nemi biyun ya saurara a jere, zai ji rok da fok a waƙa ɗaya. Kada kuma a manta da Bombino na Agadas, wanda faifansa na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa a takarar Grammy.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ina waƙa da gita a Kano, ina sakawa a TikTok, yanzu wani kamfani ya ce in sa hannu na shekara 5 zasu ɗau nauyina. In sa ko in tsaya da ƙafata kamar waɗannan?

AMSA: Lafiya lau ƙanena, Allah ya sa albarka. Sa hannu ba laifi bane. Ƙungiyar rok ta Nirvana faifansu na farko a ƙaramin kamfanin Sub Pop ya fito a 1989, kuɗin ɗauka dala 606 da 'yan kai, daga baya suka koma babban kamfani a 1991 duniya ta san su. 'Yan ƙungiyar Arcade Fire kuma suna tare da ƙaramin kamfanin Merge suka ci Grammy ta faifan shekara a 2011. Duka hanyoyin sun ɓulle. Abin da nake roƙonka, kada ka sa hannu ranar da aka miƙo maka takarda. Ka tambaye su masta ta waye, kuma bayan shekara 5 ɗin tana dawo maka ko ta tafi kenan, shafinka na YouTube da TikTok a hannun wa zai zauna, kuɗin da zasu kashe kyauta ne ko bashi ne da za a cire daga kasonka kafin ka ga ko kwabo, don a yawancin kwantiragi bashi ne. Manyanmu nawa suka sayar wa 'yan kasuwa da masta a kan kuɗin cefanen wata ɗaya, yau ana ta jin waƙarsu a waya su ko iyalansu basa ganin komai. Ka kai takardar wa lauya ya karanta maka layi layi, in sun ce basu yarda ka fita da ita ba to ka gode musu ka ɗau gitarka. In ka samu kwafi ka turo min shafin da ya yi maganar masta da na rabon kuɗi, ka rufe sunaye, sai mu duba tare a fitowa ta gaba.