Kirifto: Me Ake Saye, Kuma Wa Ya Yanke Masa Farashi?

Wani ɗan kasuwa ya rubuto yana cewa: "Malam, na fi shekara ashirin ina saye da sayarwa, ban taɓa biyan kuɗin abin da ban gani da idona ba. Yanzu yarana sun matsa min in zuba wani abu a kirifto. Me mutane ke saye a ciki, kuma wa ya yanke masa farashi?"

Alhaji, babu wanda ya yanke. Kirifto kuɗi ne na intanet da ba a riƙe shi a hannu, Bitcoin kuma shi ne mafi shahara a cikinsu. Farashin Bitcoin a wannan minti shi ne abin da mai saye na ƙarshe ya yarda ya biya, shi ke nan. Kafin ka ce ai cinikin biri a sama ne, tuna cewa ita kanta dala tun 1971, lokacin da Shugaban Amurka Richard Nixon ya rufe ƙofar musanya ta da zinariya, a kan yarda take tsaye. Sai dai ita tana da gwamnati a bayanta, mai karɓar haraji da ita, mai tilasta a karɓe ta. Bitcoin ba shi da uban gida irin wannan.

Abin da yake da shi ƙaranci ne. Wanda ya ƙirƙiro shi, mai kiran kansa Satoshi Nakamoto, ya sake shi a 2009 da ƙa'idar cewa ba zai taɓa wuce guda miliyan 21 ba. Duk bayan kusan shekara huɗu ana rage ladan masu haƙo shi, wato masu kwamfutocin da ke tantance cinikinsa a biya su da sabon Bitcoin, da rabi; a Afrilun 2024 ladan ya sauko daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125. Kundin lissafinsa kuwa yana kan dubban kwamfutoci a faɗin duniya, kowace da kwafinta, don haka ba mai shiga da dare ya ƙara wa kansa sifiri. Wannan aiki ne na gaske, ban raina shi ba. Amma ƙaranci shi kaɗai ba ya sa abu tsada, sai da mai nema. Yau akwai dubban ire-iren kirifto, wasu a yini guda aka ƙera su, kuma mafi yawansu ko kyauta ba mai so.

Masu saye kuwa ba manufarsu ɗaya ba. A Ajantina da Turkiyya, inda kuɗin ƙasa ya yi ta zubewa, mutane na sayen USDT, wani nau'in kirifto da aka ɗaure farashinsa da dala, don kada guminsu ya narke. Wasu na aika kuɗi ƙetare da shi cikin mintuna. Amma a ganina mafi yawa jira suke ya hau su sayar.

Nan ne nake so ka tsaya. Hajar da ke rumfarka akwai mai amfani da ita a ƙarshe. Gida yana kawo haya, hannun jari yana kawo rabon riba. Bitcoin ba ya haihuwa. Ribarka sai wani ya zo ya saya fiye da yadda ka saya. A Nuwamban 2021 ya kai kusan dala 69,000. Shekara guda bayan haka ya faɗo ƙasa da 17,000. A Disamban 2024 ya haura 100,000. Yaranka wannan na ƙarshen za su nuna maka a waya. Kai kuma ka yi tunanin wanda ya saya a 2021 da kuɗin sari, ranar biyan mai kaya ta zo masa a 2022, dole ya sayar a kan rubu'in kuɗinsa.

Ko wanda aka ce tsayayye ne yakan kife. TerraUSD, da aka yi alkawarin kullum dala ɗaya ne, ya ruguje cikin kwanaki a Mayun 2022. A Nuwamban shekarar FTX, wani dandalin saye da sayar da kirifto, ya karye da kuɗin jama'a a ciki, mai shi Sam Bankman-Fried yana zaman ɗaurin shekara 25.

Saboda haka uwar kuɗi kada ta shiga, bashi kuma ko kusa. Duk wanda ya ce zai ba ka riba tsayayya kowane wata, rabu da shi, da kuɗin sabon shiga yake biyan na da. In har zuciyarka ta ƙi haƙura, ware abin da in ya ɓace ba zai hana ka barci ba, ka saya da sunanka, kalmomin sirrin asusun a hannunka, ba a wayar yaro ba. Bayan mako guda ka sayar da rabi, ka ga kuɗin sun dawo asusunka na banki, ka lissafa nawa aka yanke a hanya.