Ya iya waƙa, kansa ne ba ya ji

Tambaya: Salam Malam. Bikin ƙanwata ya matso kuma mun yi niyyar ɗauko wani mawaƙi da muke so sosai, sai ga shi na gan shi kai tsaye a talabijin wurin wani taro, wallahi muryar ta bauɗe kamar ba shi ba, kiɗa na gabas shi yana yamma. Yanzu tsoro nake kar mu biya kuɗi mu ji kunya gaban dangin miji. In fasa ne? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, kar ki yi saurin fasawa tukunna. Yawanci abin da ke faruwa shi ne mutumin ba ya jin kansa. Manyan sifikun nan duk jama'a suke fuskanta, shi yana bayansu, to abin da ke dawo masa amsa-kuwwa ce da ta bugi bango ta juyo, kuma sauti mita 343 yake ci a daƙiƙa ɗaya, in filin na da girma sai kiɗan ya iso kunnensa a makare, ga ihun mutane ga fito, shi kuma yana ta lalube. Shi ya sa ake ajiye musu ƙaramar sifika a gabansu wadda ake kira monita, ko su saka iyafis, wato 'yar na'urar da ke kawo musu kiɗan da muryarsu kai tsaye, a kunne. Ranar da wannan ya mutu ko wace gwana ce sai ta sha kunya, mawaƙiyar Amurka Mariah Carey ma abin da ta ce ya same ta kenan a dandalin Times Square na birnin New York daren shiga 2017, duniya na kallo.

Sannan ke da kike gida kin fi 'yan wurin jin aibun, don murya daga makirufo take zuwa miki tsirara, su kuwa ƙarar wuri ta rufe musu.

Amma fa ba zan wanke su duka ba. Tun da Auto-Tune, manhajar kwamfuta mai gyara murya, ta fito a 1997 situdiyo ke miƙe wa mutane murya, a rera layi ɗaya sau goma a zaɓi mai kyau, kuma kin san yadda waƙoƙinmu na zamani suka dogara da ita. Ki tuna Shata, makaɗansa na kalangu suna gefensa, in ya ja su ja in ya tsaya su jira shi, 'yan amshi na riƙe masa karin. Kiɗan kwamfuta kuwa ba ya jiran kowa, ka makara ya wuce ya bar ka.

Don haka kafin ki ba da kafin alƙalami ki nemi bidiyonsa na biki wanda wani ya ɗauka da waya, guda biyu ko uku, na shafinsa an riga an gyara. Ki kuma tambaye shi ƙarara, da bakinsa zai rera ko waƙar za a kunna yana motsa baki, don kuɗin bai kamata ya zama ɗaya ba. Kuma ki ce wa mai kayan sauti lallai ya zo da monita, a gwada kafin baƙi su iso.

Tambaya: Ni matashi ne ina ɗan taɓa waƙa a Jos, kuɗina ba za su sayi makirufo mai tsada da iyafis duka ba, wanne zan fara?

Amsa: Ƙanina fara da kunnenka. Makirufo mai tsada ba ya gyara murya, ƙara bayyana kuskuren ma yake yi. Nemi iyafis mai toshe kunne sosai da ɗan akwatinsa da ake maƙalawa a ƙugu, mai igiyar waya ya ishe ka, ya fi araha kuma ba ruwanka da katsewar sigina. Kar ka yi amfani da na Bluetooth, yana jinkirta sauti, zai ƙara rikita ka ne. In kuɗi sun samu daga baya sai ka sayi makirufon Shure SM58, tun 1966 ake aiki da shi kuma yana da juriya ko ya faɗi, sai dai jabunsa sun cika kasuwa, in ka ji farashin ya yi araha da yawa ajiye musu abinsu. Ka tafi da wanda ya san kayan sauti, a jona a gwada a shagon kafin ka biya.