Tambaya da Amsa: Ina Awo na Huɗu Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mun san tsawo da faɗi da zurfi. To, wai ina ne awo na huɗu da masana lissafi ke ta faɗa? Ko iya reto ne kawai? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ido ba zai nuna maka shi ba, amma ƙidaya za ta kai ka. Ja ɗigo gaba, ka sami layi mai baki 2. Ja layin gefe, ka sami murabba'i mai kusurwa 4. Ɗaga murabba'in sama, ga akwati mai kusurwa 8 da gefe 12. Yanzu sai ka ja akwatin dungurungum zuwa wata nahiya da ba gaba ba, ba gefe ba, ba kuma sama ba. Abin da zai fito shi masanin lissafi Charles Hinton ya raɗa wa suna tesarak a 1888.

Kusurwoyi ninkuwa suke yi, sun zama 16. Gefe kuwa, ninka 12 na dā, ka ƙara 8, don kowace kusurwa ta bar layi a bayanta da aka ja ta: 32 ke nan. Haka fuskoki, 6 sau biyu a tara da 12, sun zama 24. Akwatuna 8 ne suka kewaye shi.

Zanen tesarak da aka saba gani, ƙaramin akwati cikin babba, shi ke rikita ɗalibai. Inuwa ce kawai. Gwada da hannunka: samo tsinken tsintsiya 12 masu tsawo ɗaya, ka haɗa su da curin laka 8 su zama akwati. Kashe fitila, ka haska tocilan daga sama, kusa-kusa. A ƙasa za ka ga ƙaramin murabba'i cikin babba, fuskokin gefe huɗu sun karkace, alhali a hannunka daidai suke. Kada ka yi da rana tsaka. Haskenta a miƙe yake sauka, murabba'an biyu za su hau kan juna, aikin ya tashi a banza. To, karkatattun siffofi 6 da ke tsakanin akwatunan biyu a zanen tesarak, kowannensu cikakken akwati ne da inuwa ta matse. Haɗa su da na ciki da na waje, 8 ɗin nan sun cika.

Tambaya: Malam, ba lokaci ne awo na huɗu ba? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malama, magana biyu ce ake cakuɗawa. Masanin lissafi Hermann Minkowski ne a 1908 ya haɗa lokaci da awo uku don fayyace nazarin masanin kimiyya Einstein, amma a lissafin tazara lokaci yana shiga da alamar lissafi (ta tarawa ko ta ɗebewa) kishiyar ta sauran ukun. A tesarak kuwa duka huɗun na sarari ne, ma'auni ɗaya ke auna su. In kowane gefe mita 1 ne, daga kusurwa zuwa wadda ta fi nisa da ita mita 2 ne cif.